Sunan da Ke Cikin Ƙota

Hanyar Tsohon Rami, kusa da Calumet
9 ga Fabrairu

Ilona 'yar Eino,

Sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa, ran da aka yi miki baftisma da ran da muka binne mahaifinki a watan Oktoba, saboda haka bari ki san wanda ke rubuto miki. Ni ne Reino Salmela. Ubana da kakanki Arvo 'ya'yan wa da ƙani ne. Na bar sakandare saura shekara guda, lokacin da ramin haƙar tagulla ya cinye wa ubana ƙafa. Injin sassaƙa ƙarfe na farko a bola na tsince shi, na kwance shi gunduwa-gunduwa, na tayar da shi ba tare da kowa ya nuna mini komai ba. Shagon nan ni na zuba masa kankare, ni na ɗora rufi. Rijiya ni na haƙa. Ɗakin wankan zufa ni na sare itacensa. Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran bindiga da ƙera ta, ban taɓa ɗaukar mataimaki ba, ban taɓa rataya takardar shaidar kowa a bango ba. Wanda ya ce ya taɓa miƙo mini ko da magagari ne, ki turo mini shi.

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Toledo bai hana ki karatun jarrabawar matuƙan jirgi ba. Matata Marlys tana gaishe ki. Ni ƙalau nake, in ban da kunne. Kada ki kira ni a waya, sai ki yi ta ihu ina ce miki "eh" alhali ban ji komai ba. Takarda ce tawa.

Ga maganar. A wurin zaman makoki na ji ana cewa harbinki ya fi na Eino, kuma shekara goma sha biyar kina shiga gasa ba a taɓa kama ki da ƙwayar laifi ba. Da na dawo gida sai na ɗauko hoton kakanki da aka ɗauka a Italiya, lokacin yaƙin duniya, yana zaune kan buhun yashi da doguwar bindigar nan mai madubin hange a cinyarsa. Kin san filin harbi na Otter Bluff suna gasar irin waɗannan tsofaffin bindigogin soja duk ƙarshen Satumba. Mutum biyu, bindiga guda, yadi ɗari uku da yadi ɗari shida, ɗaya na harbi ɗaya na duba masa iska. Ta asali ta tsufa, ba kuma kowa ke samunta ba, don haka an yarda a ƙera irinta, muddin ta fito yadda aka miƙa wa soja.

Na sami uwar ƙarfen wata ta wancan zamani, wani mafarauci ya yanke ta ya wulaƙanta. Zan sa mata sabon bututu, in sassaƙa mata ƙota daga icen walnat da ya yi shekara ashirin yana bushewa a saman shagona yana jiran abin da ya cancance shi.

A bangon ɗakin ƙungiya akwai allo. Kowace shekara suna uku ake ƙonawa a jikinsa: maharba biyu da maƙerin bindigar. Na je na karanta shi daga sama har ƙasa. Babu Salmela. Akwai sunan wani likitan haƙori da ya sayi sassa a kwali ya ɗaɗɗaure. Likitan haƙori fa, Ilona!

Ni zan ƙera, ni da ke mu harba. Sunan gidanmu sau uku a layi guda. Ki ba ni amsa kafin ƙanƙara ta saki tafki.

Baffanki,
Reino


A cikin jirgi, muna jiran layin wucewa a mashigar jirage ta Soo
14 ga Afrilu

Baffa Reino,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Inna Marlys. Na ci jarrabawar, yanzu ni ce ta biyu a bayan kyaftin, kuma jirginmu ya fara dakon tama daga Duluth. Lafiyata lau, sai murar da kowa ke yi a nan. Wasiƙarka ta bi ni gari uku kafin kwalekwalen gidan waya ya miƙo mana ita a cikin bokiti, shi ya sa ƙanƙara ta riga ni.

Jerin abubuwan da ka yi kai kaɗai na karanta shi har sau biyu. Na yi zaton a ƙarshe za ka ce kai ka haƙa tafkin ma.

Na yarda, Baffa. Na riga na nemi hutun makon. Hoton nan Baba ma yana da shi, a cikin akwatin harsasansa na same shi.

Na haɗo maka littafin dokokin gasar, na ja layi a wurare uku. Kunama kada ta yi laushi fiye da ƙima. Madubi sai irin mai raunin nan na da. Na ukun shi ke kayar da manyan maƙera: ba a yarda a zuba gam a cikin ƙota don ƙarfe ya kwanta daidai ba. Na san duk bindigar gasa ta zamani haka ake yi mata, na kuma san ka yi wa ɗaruruwa. A nan haramun ne. Katako da ƙarfe kawai, yadda Arvo ya karɓe ta. Bara waccan ina tsaye Alden Pellow, mai duba bindigogi, ya kori wasu 'yan'uwa biyu daga Wisconsin a kan gam da bai kai faɗin ƙumba ba. An hana su shiga shekara guda, sunansu na nan a littafin ƙungiya da jan biro, har yau in sun shigo fili sai hira ta tsaya.

Ba don na raina ka na faɗa ba. Baba bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba. Abin da ya bar mini shi ne in na kwanta a kan layin harbi ba wanda ke leƙa bindigata sau biyu. Shi nake lallaɓawa.

Wata tambaya: takarda ta yi tsada ne a Calumet? Rubutunka ya fara da manyan baƙaƙe, kafin ka kai ƙasan shafi ya koma kamar jerin tururuwa. Sai da na ari tabaran kukunmu.

'Yarka,
Ilona


Hanyar Tsohon Rami
20 ga Mayu

'Yar ruwa,

Barka da cin jarrabawa. Marlys ta yi nisu, burodin nan mai zaƙi na mutanenmu, don murna, na ci rabona da naki. Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta ƙarshe ta narke a bayan rumbun itace shekaranjiya.

Littafin dokokinki ya iso. Ƙafa guda ta bencina gurguwa ce, na sa mata shi a ƙarƙashi, ya yi amfani ƙwarai. Alden Pellow aji ɗaya muka yi, shi ya ƙare ni ban ƙare ba, amma har yau bai iya zare sukuru bai cinye masa kai ba. Shi ne zai koya mini bindiga?

Ki kwantar da hankalinki a kan gam. Gam na malalata ne da waɗanda hannunsu bai iya ba. In na zuba wa mutum, don ya roƙa ne kuma yana sauri. Wannan da hayaƙin kyandir nake mata. In shafa baƙin a jikin ƙarfe, in kwantar da shi a katako, in ɗaga. Duk inda katako ya yi baƙi in kankare kamar kaurin gashi. In sake. Sau ɗari biyu in ya kama, har sai sun rungumi juna ko takarda ba ta ratsawa. Yanzu na kai rabi. Bututu ya shiga, madubi ya hau. Da kin ga launin icen nan da ya sha mai, da kin yi iyo kin taho.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A cikin kwarin da bututu ke kwanciya, inda ido ba ya kaiwa, na buga sunana da shekara da ƙarfen hatimi. Haka nake wa duk abin da ya fita daga hannuna. Ran da muka ci, ba zan buɗe baki in ce ni ne ba. Pellow zan sa ya kwance ta da hannunsa, ya karanta a gaban jama'a da ƙarfi, yadda ko ni zan ji.

Maganar rubutuna kuwa, biron ne. Na yar da shi.

Baffanki,
Reino


Tashar Duluth
18 ga Yuli

Baffa,

Ina fata lafiya. Na ce ina fata, don ban sani ba. Wannan ce wasiƙata ta uku tun watan Yuni. Sau huɗu bokiti na hawowa ba komai daga gare ka. Na kira gida, Inna Marlys ta ce kana shago, na ce yaya aikin, ta ce "yana nan," ta shiga ba ni labarin tumatir.

In maganar tabarau ce ta ɓata maka rai, wasa nake yi. In littafin ne, ka bar shi a ƙarƙashin benci. Amma shirun nan yana sa mutum tunani iri-iri, a kan ruwa kuwa ba abin da ya fi lokacin tunani yawa. Katakon ya tsage ne? Ko bututun ya ƙi? Duk abin da ya faru ka faɗa mini, akwai wata shekara.

Ranar ƙarshe ta ba da suna ta matso, na cika takardar, na rubuta mu biyu. A ƙasanta akwai wurin da mai harbi ke sa hannu cewa bindigarsa ta bi doka. Ban ga bindigar da idona ba, don haka da maganarka zan sa hannu. Ka ce mini katako da ƙarfe ne kawai, shi ke nan.

Ilona


Hanyar Tsohon Rami
11 ga Agusta

Ilona,

Muna lafiya. Marlys na gaisuwa.

Ta ƙare. Na ɗaure ta a benci a bayan gonar maƙwabci, harsashi biyar suka faɗa wurin da bakin kofin shayi zai rufe, a yadi ɗari uku. Ba a taɓa kai irinta Otter Bluff ba.

Ni ba zan harba ba. Lokacin farautar barewa ya matso, bindigogin mutane sun cika shago. Ki nemi wani ya kwanta kusa da ke a layin harbi.

Ki ji da kyau. Sukurori biyun da ke riƙe ƙarfe da ƙota na ɗaure su yadda nake so. Kada ki taɓa, kada kowa ya taɓa. Maganar da na yi ta Pellow ya kwance ya karanta, na janye ta. Ba na son sunana a ko'ina.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa, shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya yi mini irinta, ba kuma yau zan fara amsawa ba.

R. S.


Marquette
21 ga Satumba

Baffa Reino,

Ina gaisuwa. Na sauka jiya, na tuƙo har gidanka don in ɗauki bindigar in kuma gan ka. Inna Marlys ta ce ka fita tun safe ba ka ce ga inda za ka ba. Na lura motarka tana rumfa. Na sha kofi biyu ina kallon ƙofar ɗakin wankan zufa. Da zan tafi ta riƙe mini hannu a bakin mota ta ce, "Ilona, baffan naki..." sai ta ƙara mini kifi mai hayaƙi a leda.

Bindigar kam, Baffa, ban san me zan ce ba. Na buɗe akwatin a gefen hanya na yi kuka kamar sakarai. Ita ce ta cikin hoton.

Na gane laifina. Mutumin da ya yi kwana ɗari yana kankare katako da hayaƙin kyandir, ni kuma na aiko masa da tambaya kamar ɗan sanda. Ita ce ta sa ka janye kanka, ka janye sunanka. Ka yafe mini. Na sa hannu a takardar, ban kuma sake tunani ba.

Clete Boudreau, mai riƙe mana sitiyarin jirgi, shi zai kwanta a gurbinka. Harbinsa tsaka-tsaki ne, amma yana jin iska a kumatunsa. Sunanka kuwa, ko kana so ko ba ka so, ni na san abin da zan yi a kai ranar Asabar.

'Yarka,
Ilona


Otter Bluff, ɗakin baƙi
Lahadi, 27 ga Satumba

Baffa,

Ban san irin gaisuwar da zan yi maka ba, don haka na bar ta. Zan faɗa maka yadda aka yi tun daga farko, kada ka ji a bakin wani.

Jiya da safe Pellow ya auna kunama, ya leƙa madubi, ya shafa ƙotar ya ce, "Kai! Wannan ba daga kwali ta fito ba." Ya manna mata takardar wucewa.

A ɗari uku ban zubar da maki ko ɗaya ba. A ɗari shida iska ta taso daga tafki tana juyi, allunan da ake harbi suna tashi suna nutsewa a ido, mutane na ta harbin ƙasa. Clete na gefena yana ta surutu: "Hagu kaɗan, Hajiyar jirgi. Tsaya, tsaya, tana kwanciya. Yanzu!" Da nasa lokacin ya zo na ce masa, "In ka ɓata wa baffana bindiga, ka koma jirgi da ƙafa." Bai ɓata ba. Muka ci, Baffa. Da tazarar maki tara. Likitan haƙorinka ya zo na shida.

A ɗakin ƙungiya Pellow ya ɗauko littafi ya ce, "To, suna na uku. Wa ya ƙera?"

Na ce, "Sunan yana ciki. Kwance ka karanta."

Ya ce, "'Yar Eino, ba sai an kwance ba, faɗa mini kawai."

Na ce, "A'a. Mai ita ya ce da hannunka yake so, kuma da ƙarfi."

Mutane suka yi dariya suka matso. Wani ya ce, "Alden, a hankali da kan sukurun!" Ni na miƙa masa sukurudireba. Ka ji ko? Ni.

Ya ɗaga ƙarfen. Ya karanta, "Reino Salmela," da ƙarfi kamar yadda ka so, aka fara tafi. Sai na ga ya tsaya yana kallon wani wuri a bayan sunan, inda ƙarfe ke jingina in an harba. Ya karkata ƙotar wajen taga. Ya ciro wuƙar aljihu ya kankara. Katako ba ya irin wannan ƙarar, Baffa. Duk wanda ke ɗakin ya san ta. An kwaɓa shi da garin icen, an yi masa launi har sai ka sa ido, amma gam ne, faɗin babban yatsa.

Tafin ya mutu. Pellow ya cire tabarau ya ce a hankali, "Ilona, kin sani?"

Na duba, na ga mutum hamsin suna jiran in ce tsoho ne ya cuce ni. Na ce, "Ni na sa hannu, ni na kai ta kan layi." Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya ɗauki jan biro. Clete an bar shi, don ba shi ya sa hannu ba. Ni an rubuta ni: bindiga ta saɓa doka, an soke, shekara guda. Wani a bayana ya ce, "Ashe haka ake shekara goma sha biyar." Ban waiwaya ba.

Yanzu na sake karanta wasiƙarka ta Agusta. Na ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne, ko? Ba na tambayar me ya sa ka zuba. Ina tambayar me ya sa ka bar ni na sa hannu.

Bindigar tana wurin Clete. Jibi nake komawa ruwa.

Ilona


Hanyar Tsohon Rami
16 ga Nuwamba

Ilona,

Za ki ga rubutun nan ba nawa ba ne. Marlys ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini ko kalma guda, ta ce dama shekara arba'in da huɗu ba ta iya gyara ni ba. Tana gaishe ki. Ina fata guguwar watan nan ta same ku a tasha.

Lafiya kuwa, a kowace wasiƙa na ce miki ƙalau. Ƙarya ce. Tun bara hannuna na dama ke rawa. Ba biro ba ne. Likita a Marquette ya faɗi sunan ciwon tun watan Maris, ya ce ba ya komawa baya. Na hana Marlys faɗa wa kowa.

Ran uku ga Yuni, da hantsi, saura kankara kamar goma in gama. Na ɗora ƙarfen sassaƙa a wurin nan, hannun ya fizge shi kaɗai, ya kwashe katako kamar an ciza. Na zauna ina kallonsa har Marlys ta kira ni abincin rana. Wani icen ba ni da shi, ko da ina da shi na san hannun ba zai sake kai ni nan ba. Mutum uku na sani da za su iya sa mata facin katako a wurin, abin da doka ta yarda da shi. Sai dai in je in ce, ga shi, Reino Salmela ya kasa. Ban je ba. Na kwaɓa gam. Minti goma ya ɗauke ni.

Ran da kika zo ina cikin ɗakin wankan zufa, ba wuta, ina zaune a kan benci da hannuna a ƙarƙashin cinya. Ina ganinki ta tsagar ƙofa.

Kin tambayi me ya sa na bar ki kika sa hannu. Abin ya fi haka muni. Wasiƙarki ta Marquette ta iso ranar Alhamis. Na karanta layin ƙarshe, na gane sarai abin da za ki yi. Marlys ta ɗauki waya ta ce, "Kalma ɗaya, Reino, ni zan faɗa mata." Na ce ta ajiye. Na ce wa kaina wataƙila ba za ku ci ba. Kin ji? Na ƙera bindigar da ta fi kowace, na zauna kwana biyu ina addu'a ta faɗi.

Makon jiya na sa Marlys ta kai ni wurin Pellow, don tuƙi ma an karɓe mini. Na same shi yana tsaga itace. Na ce, "Alden, littafinka ya yi ƙarya."

Ya ce, "Littafina abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Sau biyu na tambaye ta."

Na zaro hannun daga aljihu na ɗora a kan kututture ya gani. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya matso kunnena ya yi ihu, "Tsohon wawa! Da ka kawo mini, ai da na riƙe maka!"

Na ce, "Kai? Ka cinye mata kan sukuru?"

Bai yi dariya ba, ni ma haka. Ya ce kwamiti zai zauna ran biyar ga Disamba. Nasarar ta tafi, ba ta dawowa, haka ya kamata. Amma jan biron ana iya ɗage shi daga kanki, da sharaɗi guda: ke ce kika ɗauki laifin da bakinki, sai ke kin rubuta cewa ba ki sani ba. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. Na san halin gidanmu, na san za ki ce ba kya so a ja tsoho a ƙasa. Kada ki kuskura. Abin da Eino ya bar miki ba nawa ba ne da zan kashe, kuma ban roƙi kowa ya ɗaukar mini kaya ba tun ina ɗan shekara goma sha bakwai. Wannan nawa ne. Ki sakar mini shi.

In jirgi ya tsaya hutun ƙanƙara a watan Janairu, akwai ɗaki a nan. Pellow ya ce yana da icen walnat. Idona bai mutu ba, hannunki kuma ba ya rawa. Ban taɓa koya wa kowa ba, ban san ko na iya ba. In ba ki zo ba, ba zan ce komai ba.

Amma takardar ki sa hannu ki aika yau. Na gaya wa Pellow abin da za a rubuta, ke ma ki maimaita masa, kada ya tausasa ko ya gajarta don tausayi. A goge Ilona. A rubuta: Reino Salmela na Hanyar Tsohon Rami, shi ya ƙera ta, shi ya zuba gam, shi ya ɓoye, ba wanda ya taya shi. Da jan biro, da cikakken suna, da manyan baƙaƙe, tunda ni yanzu ba na iya yin manya.

Baffanki,
Reino